Garmar da Aka Tono Kafin Kwana Bakwai

Ni tela ne, sunana Hussaini, rumfata tana bakin kasuwar Malumfashi. Karatuna bai wuce elementare aji huɗu ba, don haka wanda ya karanta wannan ya yi mini uzuri. Labarin aminina nake so in rubuta, Kofur Gwadabe ɗan doka, wanda Allah ya karɓi abinsa bara da bazara. Har yau mutane suna ta faɗin abin da ya raba shi da kaki. Wasu sun ce korarsa aka yi, wasu sun ce Maguzawa ne suka yi masa asiri. Ni na ɗinka masa kakinsa na farko, ni kuma na yanka masa likkafani, na san ba haka ba ne.

Rana ɗaya aka yi mana kaciya. Gajere ne mai faɗi, ga manyan kunnuwa, ba ya saurin magana, farin goro kaɗai yake ci. Yana tsoron allura kamar ransa, har ya mutu bai daina ba. Ya shiga aikin doka tun muna samari, kuma a iya sanina bai taɓa ɗaga kulki ya doki wanda ya kama ba. Ba ya bukata. Abin da Allah ya ba shi shi ne sanin halin masu laifi.

In an yi sata, sauran 'yan doka su bi sawu, shi kuwa ya nemi inuwa ya zauna yana tambaya. In an huda rumbu ta ƙasa ana ɗiba kaɗan kaɗan, ya ce na gida ne ko maƙwabci, kuma yunwa ce. In jaki ne ya ɓata, ya ce kada a wahala da kasuwa ta kusa ko mai bi mata, a je ta uku. Ɓarawon auduga kuwa ya ce Funtua zai nufa, inda buhu ya yi yawa ba mai tambayar na wa ne. An taɓa sace wa wani Alhaji awaki shida a Kafur. Gwadabe ya je ya zauna cikin masu jaje, bai ce komai ba har la'asar, sannan ya tashi ya dafa kafaɗar wanda ya fi kowa tsine wa ɓarawon. Awakin suna bayan gidan surukinsa.

Kullum da yamma yakan zo rumfata ya zauna a kan benci, ya cire jar hularsa ya ɗora a gwiwa. Wata rana na tambaye shi yadda yake yi.

Ya ce, "Mai keke, kai in ka ga mutum ba ka san kamu nawa wandonsa zai ci ba? Sai ka auna? To ni ma haka. Ɓarawo ɗaya ne a duniya, riga kawai yake sakewa."

Na ce, "Ni dai ina aunawa, Kofur. Sau ɗaya na ƙi, na yanka wa Liman wando ya tsaya masa a ƙwauri. Da shi ya ja sallar Juma'a, har yau bai yafe mini ba."

Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.

Abin ya faru ne a daminar 1963, lokacin huɗa, dawa ta wuce kan mutum. Akwai wata unguwar Maguzawa a cikin daji gaba da Dayi, gida bai fi takwas ba. A ɗaya daga ciki akwai wa da ƙane da suke noma gandu ɗaya, Labo babba, Baƙo ƙarami, tare da uwarsu wadda sunanta na yanka Tsohuwa. Ran nan da hantsi matar Baƙo, Baturiya, ta kai musu abinci gona, ta iske Labo kwance tsakanin kunyoyi, kansa a rabe. Baƙo ba ya nan.

Mai unguwa ya aiko, Gwadabe ya hau keke shi da wani ɗan doka, Manu. Sun ɗauka za a sha nema. Sai suka iske Baƙo zaune a tsakar gida yana tufka igiya, hannuwansa wankakku tas.

Gwadabe ya ce, "Ina Labo?"

Ya ce, "Yana gona."

"Kai me ka yi a gona?"

"Na kashe kura. Ta daɗe tana bina. Yau ta sunkuya cikin dawa na same ta."

"Ina garmar?"

Baƙo ya ci gaba da tufkarsa. Gwadabe ya zaga gidan, ya ga tulin toka a bayan rumbu, an taɓa shi bai daɗe ba. Ya sa hannu ya tona, ya jawo garma, jini a maƙale inda ƙarfe ya haɗu da ƙota. Yana ɗago ta sai uwar ta taso da ihu, ta yo kansa tana faɗin wani abu. Mata suna ta kuka, ba a jin magana. Manu ya ture ta ta faɗi. Gwadabe ya ɗauka uwa ce mai son rufa wa ɗanta asiri, ya ga irinta da yawa. Ya tambayi maƙwabta ko wa da ƙanen sun taɓa rigima. Wani ya ce da kakar bara an ji su suna ɗaga murya a kan raba gandu. Shi ke nan, aka ɗaure Baƙo aka taho da shi.

Da yamma ya zo rumfata ya ce, "Abu uku ke sa mutum ya kashe ɗan'uwansa, gona, mace, giya. Wannan gona ce. Yanzu kuma zai ɗauko mana hauka. Duk wanda na kama da jini, in ba kura ba ce to aljani ne."

Na ce, "In gaskiyarsa ce fa?"

Ya ce, "Mahaukaci ba ya wanke hannu, Hussaini. Ba ya binne makami."

Kwana tara Baƙo ya yi a ɗakin tsaro a hannun Gwadabe kafin a wuce da shi birni. Ba ya yarda ya kwanta kusa da ƙofa, wai ana shinshina ta. Kowace safiya sai ya tambaya ko Labo ya ƙarasa huɗar. In an ba shi tuwo, ya raba biyu daidai, ya ci rabi ya rufe rabi, ya ce na wansa ne. Gwadabe bai ɗauki wannan a bakin komai ba. Ya ga wanda ya ci ƙasa, ya ga wanda ya yi haushin kare wata biyu, duka suka warke ranar da aka yanke musu hukunci. Yana da gwajinsa. Ya jefa garwashi kusa da ƙafar Baƙo, Baƙo ya janye ƙafa. Ya ce, "Ga mahaukacin da ya san wuta."

Muna da aboki na uku, Malam Maharazu, malamin asibiti. Kafin a kawo shi garinmu ya yi shekara uku yana aiki a ƙarƙashin wani likitan masu taɓin hankali. Shi aka kira ya sa wa Baƙo magani inda igiya ta ci masa hannu. Aikin minti biyar ne, amma ya zauna da shi har azahar. Da ya fito bai je gida ba, rumfata ya zo, ya iske Gwadabe a kan benci.

Ya ce, "Kofur, mutumin nan naka bai yi mini ba."

Gwadabe ya ce, "Malam Allura, kai ma ya ci ka da wasansa?"

"Ban ce mahaukaci ba ne, ban ce lafiyarsa ƙalau ba. Na ce ban sani ba, kai ma ba ka sani ba."

"Shekara goma sha tara ina wannan aiki."

Maharazu ya jawo kujerar da masu awo suke zama, ya zauna. Ya ce, "Bari in gaya maka abin da na gani inda na yi aiki. Masu ilimi iri biyu ne suke shiga sha'anin mai laifi. Na farko yana nazarin masu laifi ne a tarinsu, me ke sa su, yaya suke yi, ina suke gudu. Shi ke taimakon mai kamawa. Kai ba ka zauna a aji ba, amma a nan ba na jin akwai wanda ya fi ka. Na biyu ba ruwansa da masu laifi dubu. Mutum ɗaya ake ajiye masa, kotu ta ce, wannan, a waccan sa'a, ya san abin da hannunsa yake yi? Sai ya zauna da shi kwana da kwanaki, ya nemi uwarsa, ya nemi matarsa, ya ji ciwon da ya taɓa yi, ya ji yadda ake yi a gidansu."

Gwadabe ya ce, "Duk kanwar ja ce."

"Ba ɗaya ba ne. Naka yana ƙarewa ranar da ka ɗaura igiya. Nasa daga nan yake farawa. Don Allah in likita ya kira ka, ko alƙali, ka faɗi abin da ka gani. Kada ka faɗi abin da ka sani."

Gwadabe ya dube ni ya ce, "Mai keke, ka ji karatun boko. Wai in je gaban alƙali in bar sanina a gida."

Na yi dariya. Allah ya gafarta mini, na yi dariya. Ran mutum ake magana a kai, ni kuwa ina goyon bayan aminina don aminina ne.

Maharazu bai haƙura ba. Ya hau keke ya je unguwar su Baƙo ran Lahadi. Amma tun da aka ture tsohuwar, mazan unguwar suka hana kowa buɗe baki ga mutumin hukuma. Suka ba shi ruwa, suka ce ba su san komai ba, ya dawo.

A birni an kai Baƙo gaban likita, kamar yadda ake yi wa mai laifin kisa. Likitan ba ɗan ƙasa ba ne, ba ya jin Hausa, kuma aiki ya yi masa yawa. Bai cika awa ɗaya da shi ba, da tafinta a tsakani. Ranar kuwa Baƙo garau yake, ya faɗi sunansa, da sunan unguwarsu, da ranar da kasuwar Dayi take ci. Sai likita ya ce a kira ɗan dokan da ya riƙe shi kwanakin farko. Gwadabe da bakinsa ya gaya mini abin da ya ce. Ya faɗi wankin hannu, ya faɗi garma a cikin toka, ya faɗi garwashi, ya faɗi rigimar gandu. Bai faɗi rabin tuwon ba, bai faɗi tambayar kowace safiya ba. Ba ɓoyewa ya yi ba. A wurinsa wasa ne, bai ga dalilin ɓata wa likita lokaci da shi ba.

An yi shari'a da bazarar 1964. Babu wanda ya zo daga unguwar sai mai unguwa da maƙwabcin da ya ji rigima. Alƙali ya tambayi Gwadabe, a ganinsa, mutumin nan ya san abin da ya yi?

Ya ce, "Ranka ya daɗe, masu kisa goma sha ɗaya na kama. Wanda ya binne makami ya san abin da ya yi."

Aka yanke wa Baƙo hukuncin rataya. Da aka gaya masa, sai ya tambaya ko yanzu za a bar shi ya tafi, don ruwa ya kusa sauka kuma ba a yi sharar gona ba.

Bayan kamar wata biyu, ranar kasuwa, muna zaune da Gwadabe, sai ga wata doguwar tsohuwa ta tsaya a bakin rumfa, ƙwarya a kafaɗa irin ɗaukar matan Maguzawa, ƙafafunta duk laka. Daga bayan Dayi ta tako. Ta je ofishin 'yan doka an kore ta, wani ya nuna mata wurina.

Ta dubi Gwadabe ta ce, "Kai ne mai tonon toka?"

Ya gane ta. Ya ce, "Ni ne, Iya. Zauna ki huta."

"Ban zo zama ba. Ba ni garmar gidana. Ko wuni ba ta yi ba ka tone ta, kwana bakwai take bin toka. Tun ranar ba mu ga daidai ba."

"Wane kwana bakwai, Iya?"

Ta dube shi kamar wanda ya tambayi ina gabas. Ta ce, "A gidanmu ƙarfen da ya sha jinin naman dawa, kura ce, gyado ne, maciji ne, ba ya komawa gona sai ya kwana bakwai a toka. In ba haka ba dawa ta lalace. Yaron da bai iya ɗaura bante ba ya san wannan."

Na ga hannun Gwadabe ya tsaya da goro bai kai baki ba. Ya ce, "In jinin mutum ne fa?"

Ta tofar da yawu gefe. "Jinin mutum a toka? Tokar da muke tacewa mu zuba a miya? Wannan ƙarfe ba ya shiga gida, rafi ake jefa shi. Wanda ya zubar kuma ba ya tsallake ƙofa, ba ya taɓa randa, a daji yake tsayawa ya yi kira. Baƙo ya shigo har tsakar gida, ya wanke hannu da ruwan randata, ya sa garma a toka. Ɗan da na haifa, ko giya ta kai shi ƙasa ba zai yi haka da jinin mutum ba. Kura ya kashe. Ni na san Labo ne, kai ka san Labo ne. Shi kura ya kashe."

Keken ɗinkina ya tsaya, ban san lokacin da na ɗauke ƙafa ba.

Gwadabe ya ce, "Tun yaushe yake ganin kura?"

"Tun sanƙarau na bazarar bara waccan. Kwana goma sha biyu wuyansa a sandare. Ya tashi, amma ba duka ya tashi ba. In abin ya motsa, Labo ne yake riƙe shi, ya kwana a ƙofarsa."

"An ce sun yi rigima a kan gandu."

"Sun yi. Baƙo ya ce zai ware, wai kura tana bin gonar gida. Labo ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai bar shi ya shiga dawa shi kaɗai ba. Ita ce rigimar."

"Iya, me ya sa ba ku faɗa ba?"

"Na faɗa. Kana ɗago ta na ce maka ka mai da ita, ta naman dawa ce. Abokinka ya ture ni. Bayan nan wa ya tambaye ni? Mazanmu suka ce in aka ji akwai hauka a gida, 'yan matanmu za su tsufa a ɗaki. Ni kuwa 'ya'ya biyu gare ni, ɗaya yana ƙasa, ɗaya yana hannunku."

Gwadabe ya miƙe. Sannan ya sa hularsa, ya ce mini, "Rufe rumfa. Kawo alƙalami da takarda."

A ɗakin magani na Maharazu muka rubuta. Gwadabe yana faɗa ina rubutawa da Hausa, Maharazu yana juyawa da Turanci. Lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce, abin da ya rage sai takardar koke zuwa ga na sama, a nemi sassauci, a sake duba Baƙo. Gwadabe ya sa komai a ciki, tokar, da randar, da sanƙarau, da rabin tuwo, da tambayar kowace safiya. Ya ce in rubuta cewa shaidar da ya bayar ta abin da ya sani game da wasu mutane ce, ba game da wannan mutum ba. Na gaba da shi a wurin aiki ya kira shi ya ce ya yi tunani, ɗan dokan da ya janye shaidarsa ya gama ci gaba, in ma bai rasa kakin ba. Gwadabe ya ce ya ji, ya dangwala babban yatsansa.

Bai yarda ya jefa ta gidan waya ba. Shi da kansa ya ɗauka, ya tafi da Tsohuwa, wadda ba ta taɓa shiga mota ba. Babbar motar kaya suka hau zuwa Funtua, ta yi ta amai a hanya tana zaginsa, yana riƙe da ita. Daga can suka wuce birnin da ofishin na sama yake. Kwana uku suna zaune a barandar ofis kafin wani akawu ya karɓi takardar. Ba wanda ya kira tsohuwar ciki.

An bar Gwadabe ya ga Baƙo sau ɗaya a kurkuku, ta tsakanin ƙarafa. Baƙo ya rame ƙwarai. Ya gane shi, har ya yi murmushi.

Ya ce, "Kofur, ka zo da Labo?"

Gwadabe ya ce, "Bai samu zuwa ba."

"Aiki ya yi masa yawa, shi kaɗai. Ka mai da garmar nan toka?"

"Zan mai da."

"Ka mai da, don Allahnka. Kada dawarsa ta lalace."

Duk daminar nan muna jira. Gwadabe ya daina zolayata, ya daina zolayar Maharazu. Ya zo ya zauna, ya juya hula a gwiwa, in ya ji ƙarar motar wasiƙu ya miƙe. Abinci ma sai matarsa Ladidi ta aiko mini in je in zauna a gabansa kafin ya ci.

Amsa ta zo bayan an fara yankan gero. Layi huɗu ce. Maharazu ya karanta a zuci, ya ninke, ya sake buɗewa. Gwadabe ya ce, "Karanta, Malam." An ce an duba koken. An ce faɗin ko mutum yana da hankali ko ba shi da shi aikin likita ne, ba na ɗan doka ba, kuma likita ya riga ya faɗi nasa. An ce an zartar da hukunci ranar Talata ta makon da ya wuce.

Gwadabe ya ce, "Sake karanta na tsakiya."

Ya sake.

Ya ce, "Gaskiya suka faɗa. Ba aikina ba ne. Amma ranar da na ce lafiyarsa ƙalau, ba wanda ya ce mini ba aikina ba ne."

Bai yi kuka a gabanmu ba. Ni na yi.

Gwadabe ya bi ya karɓo garmar daga ɗakin ajiyar kayan shaida, ya ɗaure ta a bayan keke, ya tafi unguwar. Shi ya gaya wa Tsohuwa da Baturiya, bai bari su ji a kasuwa ba. Da hannunsa ya tona tokar ya mai da garmar inda ya ciro ta. Washegari ya kawo mini kakinsa a ninke, da jar hular a kai. Ya ce, "Mai keke, ka rage mini wandon nan ya zama na shiga gona. Ka auna." Ba korarsa aka yi ba. Wannan nake so a sani.

Shekara uku da wani abu ya yi bayan nan. Yana noma 'yar gonarsa ta gado, kuma kowace damina sai ya je bayan Dayi ya yi wa Tsohuwa shuka da noma da huɗa, don gidan ba namiji, sai Baturiya da 'ya'yanta biyu ƙanana. Mutanen gari suka yi ta magana, wai Kofur ya koma cikin arna. Yana jin su. In lokaci ya yi ya shimfiɗa buzunsa a bakin gona ya yi sallarsa. Tsohuwa ta ware masa tukunya dabam wadda ba a taɓa dafa giya ko naman da ba a yanka ba a ciki. Amma ba ta taɓa ce masa sannu ba, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Mai tonon toka take ce masa. Na taɓa ce masa ya isa haka, ya biya. Ya ce, "Wa ya ce maka biya nake yi? Gona ce ba mai nomawa."

Har lokacin in an yi sata ana zuwa wurinsa, kuma yakan faɗa, kuma yawanci haka ne. Amma wata rana wani mai gari ya zo da wata mata da ta sa wa rumbun mijinta wuta, ya ce, "Kofur, duba mana, haukan gaske ne ko iskanci?" Gwadabe ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Ku kai ta wurin Malam Maharazu, ku kira uwarta ta zauna kusa. Ni ban sani ba."

Tari ya kama shi bayan kakar 1967, ya sauka masa a ƙirji. Maharazu ya yi ta fama da shi a kan allura, yana gudu kamar yaro, har ƙarfin gudun ya ƙare. Ya rasu da bazara, ranar Alhamis da hantsi, kansa a cinyata. Bai bar wata magana ba. Ruwa ya nema, na ba shi.

Ran sadakar uku muna zaune a ƙofar gida, sai ga Tsohuwa. Ba ta matso cikin mutane ba, ta tsaya can gindin bishiya, ta sauke ƙwaryar dawa ta ajiye. Na tashi na je na gaishe ta. Ba ta yi mini ta'aziyya ba.

Ta ce, "To wa zai yi mini huɗa bana?"

Ni na je. Rabona da gona tun ina yaro. Ta shiga bayan rumbu ta ɗauko mini garma, na duba na gane ta. Kafin azahar hannuwana sun yi bororo sun fashe. Ta zo ta tsaya a bakin gona da lofenta, ta daɗe tana duban kunyoyina, kowace ta kama gabanta.

Ta ce, "Tela, wannan huɗa ce ko sawun maciji? Gwadabe ya fi ka aiki nesa."

Ranar ce ta fara kiran sunansa. Na juya mata baya na shiga cikin dawa, don kada ta ga fuskata. Bana ma zan koma in Allah ya kai mu.

Allah ya jiƙan Gwadabe, ya yafe masa abin da ya faɗa da abin da bai faɗa ba, ya yafe mini dariyar da na yi.